Tafin da Aka Yi wa Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanin da ya yi kewar faɗanki. Yaya jikin Baba, yaya idon nan nasa? Yaya asibiti da matan da ke haihuwa a hannunki? Ki gaida maigidanki da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai mura da ta kama ni ta ga ba riba ta sake ni.

Ɗakinmu yana can hawa na sama, tagarsa ɗaya tana kallon tashar jirgin ƙasa. Abokin zamana ɗalibin haɗa magunguna ne, muna ce masa Likita. Baƙi ne kamar ni amma daga wata ƙasa, yaren makaranta kawai ya haɗa mu. In jirgi ya tashi sai mu yi shiru mu biyu, kowa ya san inda zuciyar ɗan'uwansa ta tafi.

Ga labari: na shiga ƙungiyar muhawara ta jami'a, har an sa ni a gasar da ake yi tsakanin makarantu. Ana ba da batu, a jefa ƙuri'a, gefen da ka faɗa shi za ka kare ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba. Da aka yi min bayani sai na yi dariya. Ashe abin da Baba yake sa mu yi ne a shagonsa na gyaran rediyo in ciniki ya lafa, ya ce ke ki kare rediyo ni in kare jarida, mu yi nisa ya ce a juya. Bambancin kawai, nan ba sukudireba. Kin tuna yadda yake riƙe ta, duk wanda ya zagi ɗan'uwansa ya buga ta a tebur ya ce, "Ka faɗi."

Wannan wurin kada ki karanta wa Baba. A karawarmu ta farko an yi magana kan baƙin da ke zuwa aiki da karatu. Wani ɗalibi daga ɗaya makarantar, na sa masa suna Dogon Wuya, ya nuna ni da yatsa ya ce irinmu fara ne, gonar da muka sauka sai ta koma fili. Ya ce launinmu ba ya wankuwa, halinmu ma haka. Zauren ya ɗauki dariya da tafi. Na juya wajen alƙalai ina jiran a tsawata masa, sai na ga suna ta rubutu. Daga baya aka ce sun yaba masa don ya iya jan hankalin masu sauraro. Wallahi Yaya, a tsaye nake ina jiran ƙarar sukudireba kamar wawa.

Ina kewarku. Har warin dalmar shagon Baba nake kewa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta sarkin gardama,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Idon Baba yana nan yadda ka bar shi, maganin ɗigawa yake sawa ranar da ya ga dama. Yara suna tambayar kawunsu. Ni kuwa ƙafafuna sun gaji da tsayuwa, kamar matan unguwar nan sun haɗa baki su haihu a wata ɗaya.

Na tsallake wurin da ka ce, amma ka manta da wanda nake karanta wa. Mutumin da ke gane ciwon rediyo da kunne kawai! Ina wucewa ya ce, "Kin yi tsalle." Na ce rubutunka ne ya cakuɗe. Ya ce, "Rubutun Auta bai taɓa cakuɗewa ba, bakinsa ne ke cakuɗewa." Bai matsa ba, amma na ga ya ajiye abin a ransa.

Ni dai da na karanta raina ya ɓaci sosai, har na yi wa wata mai jego tsawa ba laifin komai. Da ina zauren nan da Dogon Wuya ya san wuyansa ya yi masa yawa. Kai da na goya ne wani zai nuna da yatsa? In Allah ya sake haɗa ku, ka kayar min da shi ko ta halin ƙaƙa.

Shago yana nan. Rediyo ya yi ƙaranci, yanzu lasifikokin masu taro ne ke riƙe da Baba. Kujerarka ta kusa da tebur ya ɗora mata wata matacciyar fanka. Na ce ya gyara ta ko ya zubar, ya ce ba ta hana shi komai. Sai daga baya na gane dabarar, don kada kowa ya zauna ne. Mai aski ya zo hira ya ƙare a tsaye.

Baba ya ce a gaishe ka, kuma ka riƙa rufe ƙirjinka.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, da fatan kowa lafiya. Albishirinki! Mun sake haɗuwa da Dogon Wuya a zagayen kusa da na ƙarshe, na shimfiɗe shi. Batun ba wani abu ba ne, ki bar shi kawai. Zauren ya miƙe tsaye, Yaya. Malamin da ke horar da mu, wanda ko sunana bai iya faɗa daidai ba, ya rungume ni a gaban kowa. Mutanen da ke wuce ni a hanya kamar bango yau su ne ke miƙo min hannu.

An ɗauki muryar, na tura miki a waya. Ki kunna wa Baba. Yaren ba zai ji ba, tafin nake so ya ji.

Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Shirun ya yi yawa. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu in dawo hannu biyu. Na kira wayarki tana shiga ba a ɗauka, na ce ko aiki ne. In jikin Baba ne don Allah kada ki ɓoye min, ni ba yaro ba ne.

Nan ma ɗakin ya yi shiru. Likita ya daina zama, ya ce jarrabawa ce. Jirgi yana tashi ni kaɗai nake jinsa.

Baba ya ji tafin? Me ya ce?

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Jikin Baba lafiya, ka kwantar da hankalinka ta wannan gefen. Ni ce ban ɗauki wayar ba, don na san in na ji muryarka zan faɗi abin da ba zai gogu ba.

Ka tambaya ko Baba ya ji tafin. Ya ji. Duk layin ma sun ji.

Saƙonka ya same ni a wurin aiki, farkonsa kawai na saurara, na ji muryarka na ji daɗi. Da na tashi na biya shago na zuba masa a katin memori. Baba ya jawo babbar lasifikar da ke shagon ya haɗa. Da tafin ya tashi, Auta, ban ga fuskarsa haka ba tun rasuwar Umma. Ya fito da lasifikar bakin ƙofa. Tela ya zo, mai aski ya zo da almakashi a hannu. Duk wanda ya kawo gyara sai ya saurare ka kafin a karɓi kayansa. Baba har ya haddace wuraren tafin, yana ɗaga yatsa ya ce, "Ku jira, yanzu za su yi."

Ni da na yi makaranta na ji abin da kake cewa tun ranar. Na ji ka ce a rufe wa baƙi ƙofar jami'a. Wannan bai dame ni ba, na san aikin ƙuri'a ne. Sai na ji ka kira baƙi fara. Na ji ka ce ka san su ciki da waje tunda a cikinsu ka tashi, cewa suna zuwa da yunwa da ƙazanta, suna hayayyafa kamar ba gobe. A nan ne suka miƙe tsaye. Na dubi Baba na kasa ɓata masa farin cikinsa. Na ce bari ya gaji ya daina da kansa.

Bai gaji ba har Direba ya zo. Ka san shi, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota a can inda kake, har suka koro shi da kayan jikinsa. Rediyon motarsa ya kawo. Ya tsaya yana saurare, can ya ce, "Baba, wane ne wannan?"

Baba ya ce, "Ɗana ne! Autana."

Direba ya ce, "Ka san abin da yake faɗa kuwa?"

Direba ya so ya bar maganar, Baba ya ce sai ya faɗa. Ya fassara masa a gaban tela da mai aski. Baba ya ce ya maimaita wurin farar, ya maimaita. Sai Baba ya sunkuya ya zare wayar lasifikar, ya shigar da ita ciki da kansa, ya hana kowa kama masa.

Tun ranar bai ambace ka ba. Wasiƙarka ta baya da na kai masa ya ce in ajiye.

Mu ne fara, Auta? Ni da nake kwana a tsaye ina karɓar 'ya'yan mutane, su ne masu hayayyafar? Wace ƙazanta ka gani a gidan da Umma take wanke maka riga ɗaya kullum don ka je makaranta fes? Ina jin haushinka, kuma ina kewarka, na rasa wanda ya fi ci na.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Lafiyata ƙalau a jiki.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin akwatin, na kasa hawa bene. Ƙuri'a ce ta jefa ni gefen nan, ta jefa Dogon Wuya gefen kare baƙi, kin ga abin dariya. Kuma ke da kanki kika rubuta min in kayar da shi ko ta halin ƙaƙa. Na ɗauka kin ba ni izini ne. So na yi ya ji kalmominsa suna dawo masa daga bakin wanda ya zaga, ya rasa amsa. Kuma ya rasa.

Malaminmu ne ya fara kawo shawarar. Ya ce, "In ɗayanmu ya faɗa za a ce ƙiyayya ce. In daga bakinka ta fito, shaida ce." A lokacin na ji kamar yabo.

Na rubuta duk wannan na sake karantawa, ni kaina bai gamsar da ni ba. Gaskiyar ita ce tafin ya yi min daɗi. Tun zuwana garin nan ba wanda ya dube ni sau biyu sai in tsoro ya kama shi. Ranar nan suka dube ni suna murmushi, na ƙara musu abin da ban ma shirya ba. Maganar yunwa da ƙazanta ba ta cikin takardata.

Likita yana cikin zauren, ni na gayyace shi. Ba jarrabawa ce ta hana shi zama ba. Ya kwashe kayansa, na dawo na tarar da makullinsa a kan tebur. Sannan a jirgi wani dattijo da ya halarci taron ya gane ni, ya kama hannuna ya ce, "Madalla, yau ɗayanku ya faɗi gaskiya." Na sauka a tashar da ba tawa ba.

Na tura muryar ne don Baba ya yi alfahari da ni, na dogara da cewa ba ya jin yaren. Wannan ya fi komai ba ni kunya. Don Allah ki karanta masa wannan, kada ki tsallake ko layi ɗaya. In zagi ne ya aiko min, zan karɓa. Shirunsa ne ba zan iya ɗauka ba a ɗakin nan.

Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka. Muna lafiya, ƙaramar tawa ta yi zazzaɓi ta warke.

Maganar "ko ta halin ƙaƙa" bakina ne, ban musa ba, cikin fushi na rubuta. Amma in na ce ka kashe gobarar maƙwabci ko ta halin ƙaƙa, ba na nufin ka kwaso wutar ka kawo ɗakinmu.

Na karanta wa Baba. Bai ce in karanta ba, bai ce in bari ba. Ya juya min baya yana narka dalma a cikin wani rediyo, ni kuma na yi ta yi har ƙarshe. Da na kai wurin dattijon jirgi na ga hannunsa ya tsaya.

Ga abin da ya ce, yadda ya faɗa: "Ni zai koya wa ƙuri'a? A teburin nan na sha sa shi ya kare abin da bai yarda da shi ba, don ya san mai wancan ra'ayin ma mutum ne. Ƙuri'a gefe ta ba shi. Bakin nasa ne."

Na ce to me zan rubuta maka? Ya ce, "Ki rubuta abin da kika ji."

Na jira ko zai ce a gaishe ka, bai ce ba, ni kuma ba zan ƙirƙira maka ba. Abu ɗaya zan gaya maka: mai aski ya kai hannu zai sauke fankar nan ya zauna, Baba ya ce ya bar ta inda ya gan ta.

Yaushe ne zagayen ƙarshe?

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Sanyi ya fara sauƙi, ni ma lafiya.

An yi zagayen ƙarshe. Batun shi ne ko a bar baƙin ma'aikata su kawo iyalansu. Na yi ta addu'a ƙuri'a ta jefa ni gefen goyon baya in wanke kaina cikin sauƙi. Ta ƙi, ta sake jefa ni gefen adawa. Malaminmu har tsalle ya yi. Ya kawo min takarda cike da irin waɗancan kalmomin, ya ja layi a wuraren da zan dakata a tafa.

Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya. Sai na tuna Baba bai taɓa barin ɗayanmu ya gudu daga gefensa ba. Na hau na kare gefen nan da gaske, Yaya. Na yi maganar ƙarancin gidaje, da cunkoson azuzuwa, da asibitocin da ba a ƙara musu ma'aikata ba. Duk inda zan ambaci baƙi na ce mutane. Na ce iyaye, na ce 'ya'ya. Zauren ya cika don an ba su labarina, suna ta jira. Da na yi nisa wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Ina farar?" Aka yi dariya. Na riƙe teburin na ci gaba daga inda na tsaya.

Mun faɗi. Alƙalai sun ce hujjojina sun yi ƙarfi amma ba zafi. Malamin bai yi min magana ba, ta saƙo na ji cewa ba na cikin 'yan gasar gaba. Wurin nan ne kaɗai nake da mutane a garin, yanzu na koma daga aji sai ɗaki.

Na je ƙofar Likita na ba shi haƙuri. Ya saurare ni ta rabin ƙofa ya ce ya ji. Bai dawo ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Na tura miki muryar. Wannan karon kada a kunna wa Baba sai da wanda zai fassara masa. Babu wani tafin kirki a ciki. In ya ƙi ji, ki bar shi.

Ina son in zo gida, Yaya. Ban san ko akwai wurin zamana ba.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Baba ya sa maganin idonsa yau ba tare da na yi faɗa ba, ka ga abin mamaki.

Na gaya masa akwai sabon saƙo da sharaɗin da ka kafa. Ya ci gaba da aikinsa. Washegari na biya da yamma na tarar da Direba a shagon, ashe Baba da kansa ya taka har tasha ya kira shi. Baba ya rufe ƙofa, ya haɗa wayar da wata 'yar ƙaramar lasifika. Sannan ya buɗe akwatin kayan aiki ya ɗauko sukudirebar nan mai jan mariƙi. Na san shari'a zai yi maka.

Ya ce wa Direba, "Layi layi. In ka rage min ko kalma ɗaya Allah yana gani."

Haka aka yi. Ni ina tsayar da muryar, Direba yana fassarawa, sukudireba tana ɗage a kan tebur. Wurin cunkoson azuzuwa Baba ya ce, "Ƙarya yake, amma ya iya." Wurin asibitoci ni ce na ce ba ƙarya ba ne, har muka fara gardama Direba ya raba mu.

Da aka zo inda mutumin nan ya yi ihu yana tambayar farar, Direba ya fassara shi ma. Baba ya buga sukudirebar da ƙarfi har ƙananan kusoshi suka yi tsalle. Na ji kamar in yi kuka, na ɗauka kai ya kayar. Sai ya ce, "Wancan na bayan ne ya faɗi. A ci gaba."

Bai sake bugawa ba har ka gama. Tafin ya zo, ɗan kaɗan, kamar ana kaɗe tabarma. Baba ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Direba ya goge idonsa ya ce hayaƙin dalma ne, alhali ba a kunna komai ba.

Baba ya tashi ya buɗe ƙofa, ya jawo babbar lasifikar waje. Wannan karon ya yarda na kama masa. Mai aski ya leƙo ya ce, "Ya sake ci ke nan?"

Baba ya ce, "Ya faɗi. Zo ka saurara."

Yanzu da nake rubuta maka ina shagon, a tsaye, don har yau ba a ba ni kujerar ba. Amma fankar ta sauka. Tana kan tebur a buɗe, Baba ya sa fuskarsa dab da ita yana laluben waya da idon nan nasa. Na ce me ya tayar da maganar fanka bayan duk wannan lokaci? Ya ce wanda ya saba da sanyi zai sha wahalar zafi in ya dawo.

Ya ce in tambaye ka yaushe ne hutu.

Yayarka